Ƙafa Tana Nan, Agogon Ne Babu

Mu da muke rubuta manhaja a Kaduna muna da wata ƙa'ida da aiki ya koya mana: abin da ba a ajiye bayaninsa ba, tamkar bai faru ba ne. Idan na'ura ta yi aiki amma ba ta bar rajista ba, babu wanda zai iya cewa ta yi sauri ko ta yi nawa. Wannan ƙa'ida ce muke gani a rayuwar ɗan tseren mita 800.

Tseren zagaye biyu ne a filin da kowane zagayensa mita 400 ne. Ya yi wa mai gudun ɗan gajeren zango tsawo, ya yi wa mai dogon zango zafi. Yawanci zagayen farko ya fi sauri, a na biyu kuma ƙafa takan yi nauyi kamar an ɗaura mata buhun masara, sai a ga wanda ya fi jure wa raguwar ƙarfi. A gasar Olamfik ta Landan a 2012, David Rudisha na Kenya ya gama a minti 1 da daƙiƙa 40.91, kuma shi ne a gaba tun daga farko har ƙarshe.

Mu ma muna da sunan da ya kamata mu riƙe. Ado Maude ya wakilci Najeriya a tseren mita 800 a Olamfik ta Seoul a 1988. Bajintar ƙasa da ya kafa, ƙasa da minti 1 da daƙiƙa 46, ta yi sama da shekara 20 ba a goge ta ba, sai da Edose Ibadin, wanda ya tashi ya kuma yi karatu a Amurka, ya zo. Mun tambayi abokan aiki da 'yan unguwa, daga Kawo zuwa Unguwar Rimi. Kowa ya san 'yan ƙwallon Ingila har da masu zaman benci, amma da wuya a samu wanda ya taɓa jin sunan Ado.

Shin ƙafa ce ta ƙare a arewa? Duk wanda ya je Dandalin Murtala da sassafe ranar Asabar ya san amsar. Akwai samarin da suke zagaye wurin kamar iska. Sai dai idan ka tambayi ɗayansu a minti nawa yake gama mita 800, zai ce maka ya fi kowa a makarantarsu. Wannan kirari ne. Duniyar tsere lamba take tambaya. Domin shiga Olamfik ta Faris a 2024 kai tsaye, sai namiji ya yi minti 1 da daƙiƙa 44.70 a gasar da aka amince da ita. Da lamba ake samun gayyata, da gurbin karatu, da mai horarwa.

Ibadin ya fito ne daga tsarin makarantun da ake auna gudun ɗalibi a rubuta shi duk kakar wasa. A Iten ta Kenya, inda Colm O'Connell ya horar da Rudisha, yaro yana tashi ya san lokacin da na gaba da shi suka yi, ya san abin da zai kora. Namu yaron yana gudu ne a duhu, kuma shekarun ɗan tsere kaɗan ne. Kafin a ankara ya kai talatin, ya koma neman abin sawa a baki.

Muna da filin wasa na Ahmadu Bello, wanda ya karɓi Bikin Wasanni na Ƙasa a 2009. Muna da wayoyi masu agogo a kowane aljihu, ko da lokacin da aka ɗauka da hannu ba zai kai mutum Olamfik ba. Abin da ya rage ƙaramin aiki ne da muka iya: malamin wasanni ya auna, mu kuma mu gina inda za a ajiye suna da shekaru da lokaci, wata bayan wata. Yaron da ya ga ya sauko daga minti 2 da daƙiƙa 10 zuwa minti 2 da daƙiƙa 3 ya samu dalilin fitowa gobe da asuba.