Na'ura Ba Ta Karanta Hoto

Duk sa'ad da aka tashi zancen kawo na'urori cikin aji, sai ka ji ana lissafin kwamfutoci nawa za a sayo, da allon lantarki nawa za a kafa. Ni kuwa, 'yan'uwana ɗalibai da malamaina, hankalina yakan tafi ne ga ɗalibin da ba ya ganin allon ko kaɗan, wato makaho, domin ta kansa ne za a gane ko kayan nan sun yi amfani.

Kayan karatun makafi ba yau aka fara su ba. Tun a 1824 wani yaro makaho ɗan ƙasar Faransa, Louis Braille, yana da shekara 15, ya tsara rubutun nan na ɗigo shida da ake shafawa da yatsa. A ƙasar nan an buɗe makarantar makafi ta Gindiri a 1953. Sai dai rubutun Braille yana cin takarda ainun, littafi guda sai ya zama kaya niƙi-niƙi, shi ya sa da rakoda ta zo makafi suka rungume ta. A 2006 kuma wani makaho ɗan Ostareliya ya fara NVDA, manhajar da ke karanta wa mutum abin da ke fuskar kwamfuta da murya, kuma kyauta ce. Wayoyin hannunmu ma suna da irinta. Ga kuma dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a 2019.

To, ina gizo yake saƙa? Na yi aji ɗaya da wani makaho wanda ya fi yawancinmu kaifin ƙwaƙwalwa, kuma ya iya wayarsa fiye da yadda na iya tawa. Malam zai kawo takardar darasi wadda aka yi ta kwafa har baƙin ya koɗe, shugaban aji ya ɗauki hotonta a karkace ya tura mana. Mu sai mu buɗe mu karanta. Shi kuwa wayarsa ta ce masa hoto ne, ta yi shiru. Akwai manhajar da ke mai da hoto rubutu, amma fa koɗaɗɗiyar takarda takan ruɗa ta, balle Hausa mai lanƙwasa: sai ƙafa ta koma kafa, ɓata ta koma bata. Dole ya nemi wanda zai karanta masa, ga shi kowa na fama da nasa karatun, musamman in jarrabawa ta matso.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne darasin karin sauti. Malam ya juya ga allo yana zana alamomi a kan wasula, yana cewa, "Wannan ya hau, wancan ya sauka." Wanne ne wannan? Abin mamaki, darasin kunne ne tsantsa, wanda ya kamata a ce abokin namu ya fi kowa morewa, amma aka mai da shi na ido.

Gafarta malamai, abin da nake roƙo bai kai kuɗin kwamfuta ɗaya ba. A ba da takardar darasi yadda aka buga ta a kwamfuta, da baƙaƙenta masu lanƙwasa, tun kafin a shiga aji. Abin da aka rubuta a allo a faɗe shi da baki. Wanda ya nemi izinin ɗaukar murya a ba shi. Na san akwai masu gudun kada aikinsu ya bazu a gari, kuma ba na raina wannan uzuri, amma hoton da muke turawa ai ya riga ya bazu. Mu ma da ke zama a layin baya na babban ɗakin lacca, muna leƙen allo ta kan ƙeyar jama'a, da mun samu sauƙi, haka nan wadda rashin lafiya ko goyo ya hana ta zuwa ranar.