Bin Sawun Nana Asma'u a Birnin Shehu

Baƙon da ya sauka Sakkwato yana son bin sawun Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, ƙafa ma ta ishe shi. Ɗagel kaɗai, inda aka haife ta a 1793, ita ce sai da mota.

Sai ya fara daga Giɗaɗawa, unguwar mijinta Waziri Giɗaɗo. Nan ta riƙa tsara waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa. Matan da ta naɗa jaji su haddace, su ɗaura malafa, su kai wa matan ƙauye waɗanda ba su taɓa riƙe allo ba.

Daga nan 'yar tafiya ce zuwa Hubbare, inda aka binne ta kusa da mahaifinta a 1864. Har yau matan karkara na zuwa ziyara.