Daga Challawa zuwa Abuja: Tafiyar Sa'a Guda da Ke Cin Wuni

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja kimanin kilomita 360 ne ta sama, jirgi kuma yakan cinye su cikin ƙasa da sa'a guda. Wannan lissafin matuƙi ne. Na fasinjan da ya taso daga Kumbotso daban yake.

Da hantsi na bar unguwar masana'antu ta Challawa, inda warin jimar fata ke raka mutum har bakin titin Panshekara. Filin jirgin yana arewacin gari, mu kuma muna kudu, saboda haka dole a ratsa Kano tsaf. A Sharada muka tarar da tirela ta gicciye a ƙofar wani kamfani tana neman juyawa, 'yan adaidaita sahu sun cika ko'ina, kowa na danna oda. Direbana ya kashe mota ya ce, "Yallaɓai, yau sai haƙuri." Kafin mu wuce Ƙofar Nassarawa mu ɓulla ta Sabon Gari, lokacin da muka ɓata ya isa a sauka Abuja.

Filin na Kano shi ne mafi daɗewa a Najeriya. Tun a 1925 jiragen sama suka sauka a garin nan, na sojan Ingila da suka taso daga Masar. Amma tsufa bai hana hazo ikonsa ba: in ƙurar hunturu ta rufe sararin sama, sai a yi ta ɗage tashi. Ranar ma sai da muka yi zaman jira har bayan azahar.

Da muka ɗaga, ruwan madatsar Tiga ya bayyana ta tagar hagu, gonakin rani kore shar a gefen magudanansa. Ban gama shan ruwan da aka miƙo mini ba aka ce a ɗaura ɗamara, duwatsun Abuja sun fara leƙowa. Daga nan kuma saura wajen kilomita 40 zuwa tsakiyar birni, ga cunkoson Lugbe na jira.

Maƙwabcina a kujera wani dattijo ne mai fataucin fata. Na ce masa, "Alhaji, in aka haɗa duka, ai mun kusa yin daidai da wanda ya bi mota ta Zariya da Kaduna."

Ya yi murmushi. "Malam, ai ba sauri na saya ba. Tun da aka fara tare mutane a hanyar Kaduna, iyalina ba sa barci in na bi ƙasa. Kuɗin tikitin nan, na kwanciyar hankalinsu ne."