Ada

A wajen Ibo, 'yar fari mace tun tana zanen goyo ake kiranta Ada, suna ne mai nauyin muƙami. Na san wata a Sabon Garin Kano. Duk ƙarshen wata sai ta aika wa ƙannenta kuɗin makaranta Onitsha kafin ta saya wa kanta ko takalmi. Da mahaifiyarsu ta rasu, ita ta je yi wa ƙanwarta omugwo, wato zaman jego. In rikici ya tashi a dangi, ita da sauran umuada, wato 'ya'ya matan dangin, ake jira su sasanta. Abin yana taɓa ni. Ranar da na tambaye ta wa take kai wa nata kukan, shiru ta yi, ta ci gaba da ƙirga canji.