Moss Landing: Garin Masunta Bayan Gobarar Batura

Tun daga nesa, a kan babbar hanya mai lamba 1 da ke bin gaɓar tekun Kalifoniya, abin da ido ya fara kamawa shi ne dogayen bututun hayaƙi guda biyu, kowanne ya kai tsayin mita 150. Direban da ya kawo ni ya ce masunta da su suke gane hanyar gida idan sun yi nisa a cikin teku. A gindinsu garin Moss Landing yake, kimanin kilomita 150 kudu da San Faransisko, a gundumar Monterey ta ƙasar Amurka.

Garin ƙarami ne ƙwarai, mazaunansa ba su kai ɗari uku ba. Da hantsi na zaga babban titinsa a ƙafa cikin ɗan lokaci kaɗan. Akwai shagunan sayar da tsofaffin kayan tarihi, da 'yan gidajen abinci, da mashigar jiragen kamun kifi inda ƙarnin kifi da iskar gishiri suka gauraye. Rayuwa a nan da tsada. Litar man fetur ta haura dala ɗaya, farantin soyayyen kifi da dankali kuwa sai ka ajiye wajen dala ashirin.

A ɗaya daga cikin gidajen abincin na fara tambaya game da gobarar baturan. Matar da ta kawo min abinci ta ajiye farantin, ta nuna min ta taga inda abin ya faru. Ranar 16 ga Janairun 2025 da rana wuta ta tashi a wani tsohon gini na tashar lantarki mai bututun nan biyu, wanda aka mayar rumbun adana wuta, aka jera masa dubban batura na litiyom waɗanda jimillar ƙarfinsu ta kai megawat 300. Aikinsu shi ne su tara lantarkin da hasken rana ya samar, su sake shi da dare. Na'urar kashe gobarar ginin ta gaza. 'Yan kwana-kwana suka ja da baya suka bar wutar ta cinye kanta, domin irin wannan batir idan ya ɗau zafi yana kunna na kusa da shi, ruwa kuma ba ya kashe shi yadda yake kashe wutar itace. An kwashe mutane fiye da dubu daga yankin, an rufe babbar hanya. Ta ce a daren nan sama ta yi ja, sun fita da 'yan kayan da hannu ya iya ɗauka. Bayan wata ɗaya wutar ta sake tashi daga cikin ɓaraguzai.

Daga nan na nufi bakin shingen tashar. Ba a barin baƙo ya shiga. Ta tsakanin waya na hango ginin da ya ƙone, bango ya yi baƙi, ƙarafa sun lanƙwashe. Wani ma'aikaci sanye da hular kwano ya bayyana min cewa aikin kwashe baturan ba ya son gaggawa: sai an raba kowanne da ɗan'uwansa, an zuƙe sauran wutar da ke cikinsa, kafin a ɗauke shi. Ya ce a sababbin tashoshi yanzu ana sanya batura a cikin akwatunan ƙarfe daban-daban a fili, da tazara tsakaninsu, don kada wutar ɗaya ta kama sauran.

Bayan tashar akwai fadamar Elkhorn, inda ruwan teku ke shiga cikin ƙasa. Nan na fi daɗewa. Na ga karen ruwa kwance rigingine a kan ruwa, ya ɗora ƙaguwa a ƙirjinsa yana ɓarewa da hannuwa biyu, tsuntsaye kuma suna caccakar laka a gefe. A cikin wannan laka ne masu bincike na wata jami'a da ke da ɗakin gwaji a garin suka gano ƙarafan nikel da manganis da kobalt sun ƙaru bayan gobarar, irin waɗanda ake haɗa baturan da su. Hukumomi sun ce gwajin iska bai nuna haɗari ga lafiya ba. Amma mutane da dama sun koka da ciwon kai da ƙaiƙayin maƙogwaro da ɗanɗanon ƙarfe a baki, har wasu suka haɗa kai suna goge ƙura daga tagogi da motocinsu suna aikawa a auna.

A hanyar fita na ratsa gonakin latas da istiroberi da suka shimfiɗu har Salinas. Ma'aikatan gona, yawancinsu masu jin Sifaniyanci, suna sunkuye cikin kunyoyi. Ɗaya daga cikinsu ya ce da ni ba ya ƙin baturan, ya san amfaninsu. Abin da yake so shi ne idan wani abu ya taso a faɗa musu da wuri, da harshen da suke ji, a kuma ci gaba da auna ƙasar da suke nomawa ana nuna musu sakamako. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ya koma kan aikinsa, ni kuwa na tsaya ina kallon bututun nan biyu da ke tsaye a bayansa.