Malamar Ƙananan Yara Ma Tana Bukatar Malami

Mu mutanen Briqueterie a nan Yawunde, ba mu wasa da zaɓen gwani. Idan za mu kai ɗinkin salla, sai mun tambayi inda tela ya koyi aiki. Mai tsire ma ba mu tsayawa wurinsa sai mun san hannunsa. Amma yaro ɗan shekara huɗu, wanda ya fi mana yadi da nama daraja, muna riƙe hannunsa da safe mu miƙa shi a ƙofar makarantar reno, mu juya ba tare da mun tambayi wa ya koya wa malamarsa aikin ba.

Mun san waɗannan malamai, domin 'ya'yanmu ne da ƙannenmu. Yawanci yarinya ce da ta samu BEPC, karatu ya tsaya saboda kuɗi ko aure, aka ce tunda tana da haƙuri da yara ta zo ta riƙe aji. Haƙuri kam tana da shi. Sai dai a gabanta akwai yara masu jin Hausa, da masu jin Fulatanci, da masu jin Ewondo, kuma an ce ta shigar da su Faransanci. Wadda ba a koya mata hanya ba sai ta koma ga abin da aka yi mata tana ƙarama: ta faɗa, su maimaita, wanda ya motsa ta ɗaga tsumagiya. Yaro ya dawo gida yana rera waƙar da bai san ma'anarta ba, mu kuwa mu ce ya fara Turanci.

Wannan abu yana da asali. Manyanmu ba su manta shekarar 1993 ba, da aka yanke albashin ma'aikata sau biyu, sannan a watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. A wancan zamani ne malaman da iyaye ke biya daga aljihunsu suka yawaita, aka saba ɗaukar wanda zai karɓi kaɗan. Alhali hanyar horo tana nan. Akwai makarantun horar da malamai, ENIEG, masu ba da takardar CAPIEMP, wadda ta haɗa ajin reno da firamare. Dokar ilimi ta 14 ga Afrilu 1998 ta ambaci raya harsunan ƙasa, kuma a 2018 ma'aikatar ilimin farko ta fito da sabon manhaja. Malamar da ba ta taɓa zaman bita ba, ina za ta san abin da ke cikinsa?

Wadda ta samu horo kuwa, ana ganewa tun daga bakin ƙofa. Tana raba yara rukuni-rukuni, waɗannan da yumɓu, waɗancan da murafen kwalba suna ƙirga. Tana fara labari da harshen da yaro ke ji, sannan ta ɗora masa kalmar Faransanci a kai. Ita ce ke lura da wanda kunnensa ba ya ji sosai, da wanda ya zo bai karya ba, ta kira uwarsa kafin abu ya yi nisa.

Masu makarantu suna da tasu magana, mun kuma saurare su. Sun ce in ka kashe kuɗi ka horar da malama, ranar da ta karɓi takarda sai wata babbar makaranta a Bastos ta ɗauke ta. Haka ne, yana faruwa. To amma me ke korar ta? Albashin da ba ya zuwa a kan lokaci, da watannin Yuli da Agusta da ba a ba ta ko dala, da sunanta da ba ya cikin CNPS. A gyara waɗannan, a rubuta yarjejeniya cewa wadda aka biya wa karatu za ta yi shekara biyu tana aiki, za a ga masu tafiya sun ragu.

Mu iyaye ma akwai namu. Unguwar da ake adashi don biki da kayan ɗaki ba za ta kasa haɗa kuɗin karatun malama ɗaya a shekara ba. Ƙungiyar iyaye ta ware wannan kaso tun ranar taron farko, kafin a yi maganar fenti da benci. Muna kuma da tsofaffin malamai da suka yi ritaya suna zaune a gida. A roƙi ɗaya ta riƙa zama da malaman makarantu uku ko huɗu ranar Laraba bayan an tashi, su kalli darasin juna, su gyara wa juna. Malaman Islamiyya masu riƙe da ƙanana su ma a gayyace su, domin yaran dai su ne.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, sai dai hannun da bai iya ba karya shi yake yi. Saboda haka idan makarantu suka buɗe a watan Satumba, bayan mun tambayi kuɗin rajista, mu ƙara da tambayar yaushe malamar ajin ta je horo na ƙarshe, da kuma abin da za mu kawo don ta sake zuwa. Allah ya raya mana zuriya, ya saka wa masu renonsu da alheri.