Shawarar da na ba ƙanena

Ƙanena ya gama digirin lissafi, ya same ni a Agege ya ce, "Yaya, tsara hanyoyin sadarwar kwamfuta zan koya, ko lissafin tsara ayyuka?" Kuɗin kwas ɗin daga aljihuna za su fito, shi ya sa ban yi saurin amsawa ba.

Na farkon shi ne abincina shekara tara ke nan. Kai za ka zana yadda kwamfutocin banki ko asibiti za su haɗu, ka tanadi hanya ta biyu ko da ta farko ta yanke. Da takardar CCNA ta Cisco mutum yakan samu shiga. Amma fa wayarka ba ta hutawa. A Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, kwana uku ban kwana a gida ba.

Na biyun, a rundunar Birtaniya ya bunƙasa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ban gane shi ba sai da muka je Mile 12 yaron ya nuna min motocin tumatir: wacce za a fara saukewa, ina za a kai, kafin kaya su ruɓe? Abin da dillalanmu ke yi da ka, shi ake yi da lissafi da kwamfuta. Sai dai ba kasafai ake tallar gurbinsa da sunansa ba, sai ka laluba sashen sufuri da rarraba kaya.

Na ce ya bi lissafinsa. Tun yana firamare shi ke ƙirga wa Hajiya ribar ƙosai. Na biya rabin kuɗin, saura sai ƙarshen wata.